Sawun Zabo a Cinyar Maraƙa

Ƙanena Gado ya yi karatu har na gaji da tambayar yaushe zai gama. Tun yana ɗan mitsitsi aka zo rugarmu aka ɗauke shi zuwa lakwal, makarantar boko, a nan Gure, daga nan Damagaram, daga nan Yamai, daga nan ya ƙetare ƙasa. A lokacin da abin nan ya faru, 'yan shekaru bayan farin da ya cinye mana bisashe, yana Dakar yana koyar da 'yan jami'a, yana kuma rubuta wani babban littafi da suke ce wa tez, wanda in ya gama za a fara kiransa dokta. In mata suka tambaye ni a bakin rijiya, "Barira, wai ƙanen nan naki alƙali ne?" sai in ce a'a. "To aboka ne, mai tsaya wa mutum a gaban shari'a?" In ce a'a. "To mene ne?" Sai in ɗauki tuluna in yi gaba, don wallahi ni ma ban iya faɗa ba. Shi dai ya ce mini aikinsa sanin dokar abin da ba a riƙewa a hannu: waƙa ta wane ce, dabara ta wane ce, alamar da ke jikin kaya ta wane ce. Na ce, "Kai Gado, har wannan ma sai an je Dakar?" Ya yi dariya ya gyara tabarau.

Mu alama guda muka sani, ita ce shaidar gidanmu. Ƙarfe ne ake gasawa a wuta a ɗora wa saniya a cinyar hagu, zane uku da suka haɗu a gindi, da wani gajere a ƙasa. Sawun Zabo ake ce mata. Tun kakan Baba take, kuma ba don kyan zanen aka san ta ba. Kakannin namu ba su taɓa hana kowa ruwa a rijiyarsu ba, ba su taɓa barin saniya ta kwana a gonar wani ba. Saboda haka daga Kelle har Gamu, har can bakin iyaka, duk wanda ya tsinci saniya mai Sawun Zabo sai ya shayar da ita ya aiko da labari. Ɓarawo ma kunyar ta yake ji. Mahaifinmu Hammajoda ya gaji wannan, ya riƙe ta yadda aka ba shi.

Da fari ya zo, garken ya ƙare a gaban idonmu. 'Yan ragowar da suka iya tsayawa da ƙafafunsu Baba ya sayar wa wani dillalin shanu na nan gari, wanda kowa ke kira Ɗan Kasuwa har an manta sunansa na yanka. Baba ya dawo gidana da zama, da sandarsa da butarsa da ƙarfen shaida a naɗe cikin tsumma. Ni nake ciyar da mu da 'yar garkata ta cikin kwari, lambun albasa da rogo da ɗan tumatir. Mutumin da ya saba tashi da kukan shanu, ga shi yana tashi da kukan jakin maƙwabta. Ni ce 'yar fari, bai taɓa kiran sunana ba, "ke" yake ce mini. Kullum sai in ji, "Ke, yau an yi maganar hadari a kasuwa?" alhali ba shi da ko ɗan akuyar da zai ci ciyawar.

Shi kuwa Ɗan Kasuwa, Allah ya ba shi ido. Ya lura shanun da ya saya hannun Baba ba a tare su a rijiya, ba a sace su, in sun ɓace ana kawo su har gida. Sai ya je wurin maƙeri aka ƙera masa irin ƙarfenmu, ya bi garkensa kaf ya ɗora musu. Bai tsaya nan ba, ya sa aka zana Sawun Zabo da fenti a ƙofar kamyonsa na ɗaukar shanu, da bakin shagonsa. Wannan ma da sauƙi. Makiyayan da ya ɗauka haya ba su san kunya ba, su ture mutane a rijiya, su saki shanu cikin shuka. Ran nan wani manomi ya taso tun daga Gamu, ya tsaya a ƙofar gidana yana ɗaga murya, wai shanun Hammajoda sun karya masa shinge sun cinye rogo. Na fito da muciya a hannu, na ce, "Wane shanu? Shigo ka ƙirga su!" Ya ce shi dai shaida ya gani, kuma duk duniya an san mai ita. Baba ya fito ya ba mutumin nan haƙuri, haƙurin ɓarnar da bai yi ba. Da ya koma ɗaki bai ci tuwo ba ranar.

Washegari ya ce mini, "Ke, a aika wa yaron nan ya zo. Ba an ce wannan ne karatunsa ba?"

Gado ya iso da babban hutu, damina na gab da sauka. Ya rame, ya yi fari, Fulatancinsa duk ya kakkarye. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya ce mini, "Adda, kin tsufa." Na ce, "Kai ma da ka zauna nan da ka ga abin da ke tsufar da mutum." Baba ya kwance tsumman nan ya ajiye ƙarfen a gabansa, ya faɗa masa komai. Na ga fuskar Gado tun kafin Baba ya kai ƙarshe, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba.

Ya ɗaura karabat a wuya ya tafi wurin Ɗan Kasuwa. Bai daɗe ba ya dawo, ya zauna bakin turmi ya cire tabarau yana ta goge shi da gefen riga. An karɓe shi da shayi, an kira shi babban malami, sannan aka nuna masa wata takarda cikin gilashi a jikin bango. Ashe mutumin ya riga ya aika an rubuta alamar da sunansa a wani biro, wato ofis, can wata ƙasa, inda ake rubuta alamun 'yan kasuwa.

Baba ya ce, "To sai ka gaya musu tawa ce."

"Baba, su wanda ya fara rubutawa suka sani."

"Kakana ya fara. A jikin saniya ya rubuta."

"Dokar ba ta karanta jikin saniya, Baba. Turawa suka bar mana ita, don kayan shagunansu suka yi ta. Abin da nake rubutawa ke nan a littafina, cewa ba ta ganin irin namu. Ƙasashenmu sun fara zama a kai, an sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya, in Allah ya yarda nan da wasu shekaru..."

Baba ya dube shi ya ce, "Nan da wasu shekaru ina ina?"

Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce, "Wato duk shekarun nan abin da ka koyo shi ne yadda za ka gaya mana an cuce mu da Faransanci?"

Hanya guda ta rage, dattawan makiyaya. Duk ranar kasuwa suna zama a gindin wata aduwa kusa da wurin sayar da shanu, arɗo a tsakiya. Ba su da hatimi, ba su da jandarma, amma in suka ce kada wani makiyayi ya taɓa wa mutum saniya, to sai ya yi kiwonsa da kansa. Ɗan Kasuwa ya san haka, shi ya sa ya zo da aka kira shi. Ni na shimfiɗa albasata nesa kaɗan, inda kunnena zai kai, tun da mace ba ta zama a cikinsu.

Arɗo ya saurari kowa, ya ce a al'adarsu shaida a jikin dabba take rayuwa. Wanda ba shi da garke, shaidarsa ta kwanta, wani na iya tashinta. Amma in Hammajoda ya nuna dabba tasa mai ɗauke da ita, to tasa ce har gobe, sai Ɗan Kasuwa ya nemi wata. Ɗan Kasuwa ya yi murmushi ya ce ya yarda, amma ba dabbar da za a je a sayo yau ba, don in sayowa ce shi ma ya iya.

To akwai karsana guda a gidana. Ba tamu ba ce, habbanaye ce, irin aron da makiyayi ke ba ɗan'uwansa da ya rasa: ka riƙe saniya ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka, uwar ka mayar wa mai ita. Ibram, abokin Baba na Kelle, shi ya aiko da ita kafin ya yi arewa da garkensa. Ita ba a ɗora mata wuta, amanar wani ce. Amma cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma abin da za ta haifa na Baba ne halak. Gado ya san da wannan. Sai na ga ya miƙe, idonsa ya yi haske, karon farko tun zuwansa.

Ya ce yana roƙon a ɗaure maganar da kyau, kada gobe wani ya zame. Ya sa arɗo ya maimaita a gaban shaidu: dabba mai rai, wadda aka haifa a hannun Hammajoda, da shaida a cinyarta ta warke ana karanta ta, a kawo ta gindin aduwar nan a zaman ƙarshe kafin makiyaya su watse arewa. Ya juya ga Ɗan Kasuwa ya sa shi ma ya faɗa da bakinsa. Kai, ya yi magana ranar! Dattawa suna ta gyaɗa kai, wani yana cewa karatu ya yi rana. Ni kuwa albasa ta faɗi daga hannuna. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa.

Muna shiga gida na ajiye kwando na ce, "Gado, ka kashe mu! Wa ya gaya maka ana sa wa jaririn maraƙi wuta? Sai ya shekara, sai fata ta yi kauri. Zaman ƙarshe kuwa bai kai wata ba!"

Ya tsaya baki buɗe. Ina zai sani? An ɗauke shi daga ruga tun bai isa riƙe igiya ba, shanun da ya sani na cikin littafi ne. Ya juya ya ce, "Baba, don me ba ka tsayar da ni ba?"

Baba ya jingine sandarsa ya ce, "In ƙaryata ka a gaban mutane? Kai da ake cewa duk ƙasar nan babu mai karatunka?"

Gado ya koma wurin arɗo a ranar, arɗo ya ce maganar da aka ɗaure gaban shaidu ba shi kaɗai zai kwance ba, sai in ɗaya gefen ya yarda. Ya je wurin Ɗan Kasuwa, aka sake ba shi shayi. Mutumin ya ce, "Haba babban malami, ni da ban yi lakwal ba zan gyara maganarka? Yadda ka tsara ta, haka na karɓa." Ya rako shi har bakin hanya.

Ruwan farko ya sauka, bayansa da kwana kaɗan karsana ta haihu da hantsi. Mace ce, ja, da ɗan fari a goshi. Wayyo, da kun ga Baba! Ya durƙusa cikin laka yana share mata hanci da hannunsa, yana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, irin maganar da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba. Tun farin nan ban ga haƙoransa ba sai ranar. Wannan 'yar maraƙa ita ce dabbar farko da ya mallaka bayan farin, kuma mace, wato tushen sabon garke. Ya ce mini, "Ke, dubi ƙafafunta. Irin na kakarta ne."

Na ce masa a bar shaida ta tafi, a riƙe maraƙa. Na faɗa da safe, na faɗa da rana. Gado ma ya bi bayana. Ya ce, "Baba, kuskurena ne, kada ka biya shi da ita. Ka bar ni in koma in rubuta, in kai maganar gaba, akwai manyan malamai da za su saurare ni." Baba yana zaune yana kallon maraƙar tana tsotso. Ya ce, "In na bar ta, duk shingen da aka karya daga nan har Gamu, sunan ubana za a kira. Ita kuma wannan, in ta girma, me zan ɗora mata? Shaidar wani?" Na ce to a jira sai safiyar zaman a ɗora. Ya ce ɗanyen ƙuna ba shaida ba ne, ciwo ne, sai ɓawon ya faɗi ake karantawa, kuma ai an faɗi haka gaban shaidu. In za a yi, yanzu ne.

Ya hura wutar da kansa. Bai bar ƙarfen ya yi ja sosai ba, ya ce taɓawa kawai zai yi. Muka ɗaure uwar a bayan ɗaki. Ni na riƙe ƙafafu, Gado ya rungume kan a ƙirjinsa, don babu wani namiji a gidan. Baba ya yi bisimilla, ya ɗora ƙarfen. Kukan da 'yar nan ta yi ba zan kwatanta muku ba. Uwar ta tsinke igiya ta zo a guje, da ƙyar muka kauce. Gado ya koma gefe ya yi amai.

Kwanakin farko kamar za a dace. Tana tashi, tana tsotso, zanen ya fito tsaf, uwar tana bin wurin da lasa ba dare ba rana. Sai ruwa ya ɗinke, ƙuda suka yi yawa. Wurin ya kumbura, ya fara ruwa, ya fara wari. Ba abin da ba mu sa ba, man shanu, toka, kanwa. Gado ya je ya kawo likitan bisashe, ya wanke ya shafa wani magani shuɗi, ya yi allura, ya ce fatar ta yi ƙanƙanta, wutar ta shiga nama, sai dai a yi addu'a. Baba ya daina zuwa masallacin unguwa, a gefen turken yake sallarsa. Yana tatso nono a tafin hannu yana ɗiga mata a baki.

Wata rana da la'asar Gado ya biyo ni garka. Ya zauna bakin rijiya yana kallona ina jan ruwa, ya ce, "Adda, kin san abin da ya fi ci mini rai? Wannan abin da ya same mu, na san sunansa, na san wanda ya fara rubutu a kansa, na san shafin. Ina tsayawa gaban ɗalibai in yi musu bayaninsa har su tafa mini. Babban malamin da ke duba littafina ya ce babin da na yi a kan shaidar makiyaya shi ya fi kowane kyau, amma wai tatsuniya ce, in rage shi, doka ba ta wurin. Na yi fushi, na ce zan nuna musu. Ga shi na zo gida, karo ɗaya da aka ce in buɗe baki..." Na so in zage shi, wallahi na so, na ma shirya zagin tun a hanya. Amma da na ga yadda ya dunƙule, sai na tuna ranar da aka ɗauke shi, yana riƙe da zanena yana ihu, ni kuma na ɓamɓare yatsunsa don an ce dole. Na miƙa masa guga na ce, "Tashi ka ja ruwa, zama ba zai shayar da albasa ba." Ya ja har hannunsa ya yi bororo.

Safiyar zaman ƙarshe ta zo, maraƙa tana da rai. Ba ta iya tsayawa, ta daina tsotso tun jiya, amma tana numfashi, kuma ɓawon ya ɗaye ta gefe har ana ganin zane uku da gajeren na ƙasa. Baba ya duba ya ce a tafi. Gado ya ce shi zai ɗauka. Ya sa farar rigarsa ta koyarwa, ya sungume ta kamar jariri, kanta a kafaɗarsa. Baba yana gaba da sanda, ni ina baya da ƙwaryar ruwa. Uwar tana ta kuka a turke har muka sha kwana.

Daga gidana zuwa kasuwar shanu akwai tudun rairayi, ga rana ta fito bayan ruwa, iska ba ta motsi. Gado yana haki, rigar ta ɓaci da ruwan ciwon, bai ko duba ba. Mutane suna tsayawa suna kallonmu. Muka hau tudun, muka fara gangara, ga aduwa can, ga dattawa a zaune, ga farar hular Ɗan Kasuwa. Sai na ji numfashin maraƙar ya canja, ya koma wani gurnani daga maƙogwaro. Ƙafafunta suka miƙe, idon ya juye. Baba ya tsaya cak, ko waiwayowa bai gama yi ba ya riga ya sani.

Ya ce, "Ajiye ta."

Gado ya ce, "Baba, ga su can! Saura kaɗan, in na yi gudu..."

"Ajiye ta, na ce."

"Baba, don Allah, don Annabi. Su gan ta da rai kawai, ko numfashi ɗaya ne. Shi ke nan mun ci!"

Baba ya riga ya zaro wuƙa daga kube. Ya ce, "Ni na sa mata wuta. Ba zan kuma bar ta ta mutu mushe a hannunka ana gudu da ita ba." Muryarsa ba ta tashi ba, amma Gado ya durƙusa ya kwantar da ita a kan rairayi. Baba ya juya ta gabas, ya shafa farin goshin nan, ya ambaci sunan Allah. Ni na juya baya. Ina jin Gado yana kuka kamar ba malamin jami'a ba, a tsakiyar hanya, gaban masu tallan goro.

Dattawa sun ga komai daga inda suke. Arɗo ya taso da kansa ya zo, ya tsuguna ya dubi cinyar, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Shaidar ta fito, Hammajoda. Ta fito sarai." Gado ya ɗago ya ce da ranta ta baro gida, kowa shaida ne, ga jinin bai ko bushe ba. Arɗo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na sani, ɗana. Amma mai rai aka ce, a gindin aduwa aka ce. Kai ka sa na maimaita." Ɗan Kasuwa bai yi dariya ba, in faɗi gaskiya. Ya zo ya yi wa Baba jaje, har ya ce in Baba yana so ya zo ya shugabanci makiyayansa, shaidar ta ci gaba da zama ƙarƙashin idonsa. Baba ya goge wuƙarsa da rairayi ya ce, "Na gode. Allah ya sa ka riƙe ta da kyau." Ya ce mini, "Ke, ɗauko ta mu koma."

Gado ya tafi kafin hutunsa ya ƙare. Da zai hau mota ya ce mini zai sa wannan duka a littafinsa, ko malamin ya so ko ya ƙi, wata rana dokar za ta canja. Na ce, "Allah ya sa." Me zan ce? Na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da busasshen tumatir. Ya leƙo ta taga yana neman Baba, amma Baba bai zo tasha ba, yana gida wurin saniya.

Don saniyar ta ƙi ba da nono. Tun da aka fita da 'yarta take kuka, hantsar ta cika ta yi tauri, in ka taɓa sai harbi. In aka bar ta haka hantsar za ta lalace, ga ta amanar Ibram. Makiyaya suna da dabararsu ta irin wannan rana: a feɗe maraƙin a shanya fatar, a cusa mata ciyawa a ɗinke, a yayyafa ɗan gishiri, a ajiye gaban uwar. In ta ji warin ɗanta ta fara lasa, sai nono ya sauko. Baba ya feɗe, ni na ɗinke, na yi mata ƙafafu da kara.

Da safe na kawo ta na tsayar gaban saniyar. Ta shinshina, ta yi wani ɗan gunji, ta kai baki daidai cinyar hagu inda ta saba lasa, nono kuwa ya fara ɗiga tun ba a taɓa ba. Baba ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa, ya fara tatsa, sai ya tsaya. Daga inda yake zanen yana kallonsa.

Ya ce, "Ke, juya ta ɗaya gefen."

Na juya. Saniyar ta ɗaga kai, ta taka ta zagayo tana neman wurin, ta ture ƙwaryar nonon ya zube. Muka sake gwadawa, ta sake zagayowa. Baba ya ɗauki ƙwaryar ya karkaɗe rairayin, ya daɗe yana kallon cikinta.

Ya ce, "Mayar da ita yadda take."

Na mayar, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tatsa. Haka muka yi kowace safiya har saniyar ta ƙafe.